Tambayi Makanike: Injin Yankan Ciyawa na Hawa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan injin yankan ciyawa ne, irin wanda ake hawa a tuƙa kamar ƙaramar tarakta. Na gajarta tambayoyin saboda wuri, amma ban taɓa ma'anarsu ba.

Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da filin wasan wata makaranta, muna da injin hawa mai wuƙa biyu. Kwanan nan da zarar na shiga wuri mai gargada sai ya mutu, ko ya yi kamar zai mutu ya dawo. Wani abokina ya ce wayar da ke ƙarƙashin kujera ce, in haɗe ta kawai in huta. In yi?

Wa'alaikumus salam. Don Allah kada ka yi, Malam. Mai yiwuwa abokinka ya gano wurin ciwon, amma maganin da ya ba ka ya fi ciwon muni.

A ƙarƙashin kujerar akwai wani ɗan makunni da nauyin jikinka ke dannewa. Muddin kana zaune, inji ya san akwai mutum a kansa. Idan ka ɗaga alhali wuƙaƙe na juyawa, sai makunnin ya datse wuta. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙa'idar ƙera waɗannan injuna a Amurka, wadda ake kira ANSI B71.1, ta tanadi cewa wuƙaƙe su tsaya cikin daƙiƙa 5 bayan matuƙi ya bar kujera. Ƙa'idar ta kuma ƙayyade gudun bakin wuƙa kada ya wuce ƙafa 19,000 a minti ɗaya, wato kusan kilomita 350 a awa. Ka duba wannan gudun, sannan ka tuna ranar da za ka diro da sauri don ɗauke dutse ko kwalba daga gaban inji, ko ranar da taya za ta faɗa rami ta wurgo ka. A wannan ranar babu abin da ke tsakanin ƙafarka da wuƙar sai makunnin nan. Kuma kai a makaranta kake aiki, inda yaro zai iya ɓullowa ta ko'ina.

Yanzu ga gyaran. Da farko ka saurari yadda yake mutuwa. Idan makunnin kujera ne, mutuwar farat ɗaya ce, kamar an murɗe makulli. Idan kuwa sai ya yi ta tari yana shaƙewa kafin ya tsaya, to ka fi zargin datti ko ruwa a cikin fetur, gargadar ce ke tayar da shi zuwa kafireto.

Idan ta tabbata kujera ce, ka kashe inji, ka zare makulli, ka ɗaga kujerar ka duba. Abin da na fi samu a irin wannan shi ne mahaɗin wayar ya saki, ko ƙura da guntayen ciyawa sun cika shi. Bayan shi sai wayar da ta goge a inda kujera ke lanƙwasawa, sai notin kujera da ya kwance, sai soson kujera da ya lotse har nauyin mutum ba ya kaiwa ga makunnin sosai. Idan duk waɗannan lafiya suke, ka sa mai wutar mota ya gwada makunnin da mita yana danna shi yana saki. In ya mutu, a sayo sabo mai lamba iri ɗaya, a sa. Ƙaramin abu ne, sauya shi ba ya ɗaukar lokaci. Ka kuma rage gudu a wurin gargadar, domin sau da yawa makunnin aikinsa yake yi daidai, kai ne jijjiga ke ɗagawa daga kujera.

Bayan an gyara ka gwada shi a fili mai laushi, babu kowa kusa. Ka tayar da inji, ka kunna wuƙaƙe, ka ɗan ɗaga jikinka daga kujera ƙafafunka suna kan matakinsu. Ya kamata ya yanke nan take. Sannan ka gwada tayar da shi wuƙaƙe a kunne, ko ba ka taka birki ba. Bai kamata ya amsa ba. Injin da ya faɗi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan kada ya shiga fili sai an gyara.

Ranka ya daɗe, ni ɗan koyo ne. Injinmu ya bugi kututture, tun daga nan yake karkarwa har sitiyari. Ina so in cire wuƙar in miƙe ta da guduma in wasa ta. Na shirya ɗaga gaban injin da jak ɗin mota. Akwai abin da zan kiyaye?

Madalla da ka tambaya kafin ka fara, ƙanena. Akwai abu biyu a shirinka da nake so ka janye: guduma da kuma dogara ga jak.

Bari in fara da abin da ke gaban kowane aiki a jikin injin nan, domin kai mai koyo ne, yadda ka saba yau haka hannunka zai riƙa yi har tsufa. Ka ajiye inji a daɓe mai tauri wanda ba gangare ba. Ka kashe wuƙaƙe, ka ɗaure birki, ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihunka. A aljihu na ce, domin makullin da aka bari a kan kujera wani zai iya zuwa ya murɗa bai san kana ƙasa ba. Ka jira inji ya huce, salansa tana ƙona fata tun kafin mutum ya ankara. Daga nan ka zare wayar filogi ka kawar da ita gefe yadda ba za ta koma ta taɓa kan filogin ba. Injin mai silinda biyu filogi biyu gare shi, ka zare duka. Sai ka kwance kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi. Shi ake fara cirewa, shi ake ƙarasa mayarwa. Dalili kuwa, jikin inji gaba ɗaya haɗe yake da baƙar waya, to idan ka fara da jar waya sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi ne zai tashi a kan batir.

Jak na ɗagawa ne kawai. Mai ɗan ƙwari da za a ture, ko mai aiki da mai wanda zai sace a hankali, ba abin da mutum zai sa kansa a ƙarƙashi ba ne, ga injin da nauyinsa ke kai kilo 200 ko fiye. Idan dole a ɗaga, a sa weji gaba da bayan tayoyin baya, a ɗaga, a ɗora firam a kan ƙafafun ƙarfe na tokare mota, a girgiza a ga bai motsa ba. Bulo ba ya cikin lissafi, yana fashewa ba sanarwa. Ni dai abin da na fi so, kuma shi nake koya wa yarana a gareji, shi ne a cire kwanon wuƙaƙen gaba ɗaya. A yawancin injuna 'yan filoli ne da bel ɗaya ke riƙe da shi. Ka sauke shi ƙasa, ka zare filolin, ka cire bel, ka jawo kwanon ta gefe, ka kifa shi. Sai ka yi aikinka a tsaye cikin haske, babu abin da ke rataye a kanka. Ka ɗauki hoton yadda bel ya zagaye fuli da wayarka kafin ka cire, kuma ka kula da sifirin da ke jan bel, a ɗame yake, yana iya fizge yatsa.

Wajen kwance wuƙa ka sa safar hannu mai kauri. Ka cusa guntun katako tsakanin wuƙar da bangon kwano don ya hana ta juyawa. Kada ka tare ta da hannu ko da ƙafa. Ka yi wa fuskar da ke kallon ƙasa alama, domin mayar da wuƙa a kife kuskure ne da ake yawan yi: daidai shi ne fiffiken da ya lanƙwashe ya kalli sama, wajen kwano.

Sai maganar guduma. Wuƙar da ta lanƙwashe ta gama aiki. Ƙarfenta gasasshe ne, idan ya tanƙware aka buge shi ya miƙe, ƙananan tsaga ne ke shiga cikinsa waɗanda ido ba ya gani. Wata rana tana tsakiyar gudu sai guntu ya ɓalle ya fita ta bakin kwano. Haka ma walda, ba a yi wa wuƙar yankan ciyawa walda. A sayo sabuwa daidai da lambar injin. Idan wuƙa biyu ce ko uku, na fi son a sauya su tare.

Kafin ka ɗaura sabuwar, ka juya sandar da wuƙar ke ɗaure a kanta da hannu. Idan tana layi, ko kana jin gurji, ko tana motsi gefe da gefe, to kututturen ya taɓa sandar ko boris, kuma sabuwar wuƙa ba za ta raba ka da karkarwa ba. Ka duba gidan sandar ma, yawanci na alminiyom ne, yakan tsage wajen ƙusoshi.

Wuƙar da dakushewa kawai ta yi, ita ake wasawa, kamar bayan kowace awa 25 ta aiki. Ka matse ta a kan benci, ka bi karkatar bakin da aka ƙero ta da shi, wajen digiri 30, da magagari ko giranda. Da giranda ka sa tabarau, kuma kada ka bari ƙarfen ya yi shuɗi, zafi yana kashe taurinsa. Ba a son kaifi irin na aska, nan da nan yake karyewa. In ka gama ka rataye ta ta ramin tsakiya a kan ƙusa. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa ya fi nauyi, ka ƙara ci daga bakinsa har ta tsaya daidai. Wuƙar da ba ta daidaita ba ita ke cinye boris a hankali. Wajen ɗaurewa ka nemi ƙarfin matsi da littafin injin ya faɗa, ka yi amfani da sifana mai awo, domin kowane kamfani da nasa adadin.

Malam, sabon inji muka saya don gidan gona. Yaushe ake juye baƙin mai, kuma wane iri ake zubawa? Ba shi da mita irin ta mota.

Allah ya sanya alheri, Alhaji. Wannan inji da awa ake lissafa masa. Wasu suna da agogon awa a gaban matuƙi. In naka ba shi da shi, ka ajiye ɗan littafi kana rubuta tsawon kowane yanka.

Sabon inji ana juye masa man farko da wuri, kamfanin Briggs & Stratton yana cewa bayan awa 5 na farko, saboda ɓurɓushin ƙarfen da sababbin kaya ke zubarwa. Daga nan yawanci bayan kowace awa 50 ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa. Wasu injunan Kohler da Kawasaki suna kaiwa awa 100, don haka littafin injinka shi ne alƙali. A wuri mai zafi baƙin mai mai lamba SAE 30 yana aiki sosai, 10W-30 kuma ya fi dacewa da inda sanyi da zafi ke musanya. Yawancinsu suna shan tsakanin lita 1.4 da 1.9. Ka tayar da inji na 'yan mintoci don man ya yi ɗumi ya zuba da dattinsa, ka kashe, ka zare wayar filogi, sannan ka buɗe. In akwai filtar mai, ka shafa wa robar sabuwar ɗan mai, ka ɗaura da hannu kawai. Ka zuba kaɗan kaɗan kana duba geji. Cika shi fiye da alama ɓarna ce: hayaƙi zai yi ta yi, mai ya shiga filtar iska. Tsohon man ka tara a jarka mai murfi ka kai inda ake karɓa, kada a zubar a ƙasa ko a magudana.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne filtar iska, don na ga injuna da yawa da ƙura ta kashe alhali mai su bai taɓa saɓa lokacin juye mai ba. Injin nan a cikin ƙurar da shi kansa yake tayarwa yake numfashi. Ka buɗe filtar bayan kowace awa 25, ko ma kafin haka in wurin busasshe ne. Soson waje ana wanke shi da ruwa da sabulu, a matse, a bar shi ya bushe sarai. Ta takarda ba a wanke ta, ba a kuma hura mata iskar kwamfaresa, domin tana huda ƙananan ramuka da ƙura za ta bi. A ɗan bubbuga ta, in ta yi baƙi a sauya. Filogi kuma sau ɗaya a shekara, ratar bakinsa a yawancin injuna milimita 0.76 ce.

Ka kuma saba da share ciyawa daga saman kwano, da kewayen salansa, da haƙarƙarin da ke sanyaya inji, bayan kowane yanka idan ya huce. Iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. Busasshiyar ciyawa a kan salansa mai zafi ita ce mafarin yawancin gobarar da na sani a waɗannan injuna.

Malam, ɗana ɗan shekara 13 yana ta roƙo a bar shi ya tuƙa. Ƙaninsa ɗan shekara 4 kuma mahaifinsu kan ɗora shi a cinya in yana yanka. Hankalina bai kwanta ba, ana cewa na cika tsoro.

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, ki tsaya a kansa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada yaro ya tuƙa injin hawa sai ya kai shekara 16, na turawa da hannu kuma sai ya kai 12. Ba iya juya sitiyari ake dubawa ba. Ana duba nauyin jiki, da tsawon ƙafa zuwa birki, da hankalin sanin abin yi idan inji ya fara zamewa a gangare.

Na ƙaramin ya fi damuna. Kujerar mutum ɗaya ce, babu inda yaro zai riƙe, kuma idan ya suɓuce, makunnin kujera ba zai yi komai ba tunda uban yana zaune. Akwai kuma haɗari na biyu da mutane ba su cika hangowa ba. Yaron da aka saba ɗorawa yana ɗaukar injin abin wasa, sai ya ji ƙararsa ya rugo a guje ta baya don a ɗauke shi, matuƙi ba ya ji saboda ƙara, ba ya gani saboda yaron gajere ne. Irin wannan take yara da ake yi yayin ja da baya shi ya sa a 2003 aka ƙara wa ƙa'idar Amurka sharaɗin cewa wuƙa ta daina yanka idan aka sa ribas. Ki roƙi maigida, cikin lalama, cewa in za a yi yanka yara su kasance cikin ɗaki, wani babba na tare da su. Ɗan shekara 13 ɗin kuma a ba shi aikin da ya dace da shi: ya zagaya filin ya tsince duwatsu da waya da itace kafin a tayar da inji, ya koyi duba mai da iskar taya tare da mahaifinsa. Ranar da ya isa hawa zai hau yana sane da abin da ke ƙarƙashinsa.

Tunda na ambaci gangare, ki isar masa da wannan ma: da injin hawa mai sitiyari sama da ƙasa ake bin gangare, ba a ratsa shi ta gefe, kuma wanda ya wuce digiri 15 ko ciyawarsa ke jiƙe a bar shi.

Oga, mun ajiye inji wata huɗu ba a taɓa ba. Yanzu in na murɗa makulli sai ƙas ƙas kawai. Da muka haɗa da batirin mota ya juya amma bai tashi ba.

Matsala biyu ce ta haɗu maka, ɗan'uwa. Ƙas ƙas ɗin batir ne. Cikakken batir mai bolt 12 yana nuna wajen 12.6 a mita. Ka cire shi, ka wanke farin garin da ke kan kawunansa da bekin soda da ruwa, da safar hannu da tabarau saboda asid, ka yi masa caji a hankali a wuri mai iska. Batir na fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ba a kusantarsa da wuta ko sigari. Idan za ka sake haɗawa da mota, motar ta kasance a kashe, kuma baƙar waya ta ƙarshe ka maƙala ta a jikin ƙarfen inji nesa da batir.

Ƙin tashin kuma tsohon fetur ne. Fetur yana fara lalacewa bayan kamar wata ɗaya, ya bar danƙo a ƙananan ramukan kafireto, wanda aka gauraya da itanol kuma yana jan ruwa. Ka zuƙe tsohon da famfon hannu, ba da baki ba, a waje, inji a sanyaye. Ka sauya filtar fetur, ka zuba sabo wanda itanol ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. In har yanzu ya ƙi, a kwance kafireto a wanke. Kada ka tsiyaya fetur ta bakin kafireto kana murɗa makulli, wuta tana iya dawowa ta nan. Ka leƙa ƙarƙashin murfin fanka ma, ɓeraye suna son yin sheƙa a wurin kuma suna cin waya. Idan ya tashi, ka fito da shi fili. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum a rufaffen ɗaki. Ajiya ta gaba, ko dai ka zuba maganin hana fetur lalacewa ka bar inji ya yi aiki 'yan mintoci, ko ka ƙarar da fetur ɗin gaba ɗaya, sannan ka cire batir kana yi masa caji lokaci lokaci.

Malam, yankan injina gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Kwanon ne ya karkace?

Kafin ka taɓa kwano, Malam, ka auna iskar tayoyi. Taya ɗaya mai ƙarancin iska ta isa ta karkatar da inji duka. Waɗannan tayoyi ba sa son iska da yawa, a injuna da dama wajen 14 ne a gaba, 10 a baya, a ma'aunin da masu faci ke amfani da shi, amma ka duba littafinka. In iska ta daidaita yankan bai gyaru ba, ka ajiye shi a daɓe, ka zare makulli da wayar filogi, ka sa safar hannu ka juya wuƙaƙen su miƙe dama da hagu, ka auna tsayin bakin kowace daga ƙasa. Notin daidaitawa yana jikin sandar da kwano ke rataye a kai. Dama da hagu su zo ɗaya, gaban kwanon kuma ya ɗan fi bayansa sauka da kamar rabin santimita.